Fitilun abin da ake ja a bayan mota: tambayoyi da amsoshi kan wayarin

Wanda ya saba bin hanyar Kaduna zuwa Zariya da dare ya san irin faɗuwar gaban da ake yi idan ka iske abu baƙi ƙirin a gabanka, ba danja, ba sigina, sai da ka kusa hawa kansa ka gane tirela ce ake ja. Sau da yawa direban bai ma san fitilun bayansa sun ɗauke ba, domin nasa na gaba lafiya lau suke. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda direbobi da masu motoci suka fi kawo wa masu wayarin, daga Kwangila har Sabon Gari.

Wane irin ja ake nufi a nan?

Kowane iri, muddin akwai waya da ta tashi daga motar gaba ta kai wuta fitilun abin da ke baya. Hilux mai jan janareta ko tankin ruwa, a-kori-kura mai jan ƙaramar tirelar kaya, akwatin dawakin 'yan folo, tarakta mai ɗauko masara daga Giwa ko Soba, janwe, har da kan tirela da bodinsa. A Amurka da Turai akwai manyan motoci masu ɗaki da gado da kicin a ciki, waɗanda iyali ke yawon buɗe ido da su, suna jan ƙaramar motarsu a baya da sandar ƙarfe ba kowa a cikinta. Irin wannan ba ta yi yawa a wajenmu ba, sai dai bas ɗin da aka mayar asibitin tafi-da-gidanka da makamantansu, amma wasu kayan haɗin da ke shigowa kasuwa don su aka ƙera, shi ya sa za a riƙa ambatonsu. Ciwon dai ɗaya ne.

Na haɗa komai, ko fitila ɗaya ba ta kama a baya ba. Daga ina zan fara?

Kada ka fara da yanke waya. Wannan shi ne abin da ke mayar da gyaran minti goma ya zama na yini guda.

Cire filogin daga soket ɗin motar gaba. Yanzu ka raba matsalar gida biyu, saura ka gano wane gida ne mai laifi. Ɗauki fitilar gwaji, ka maƙala bakinta a ƙafar negetif ta soket ɗin, ka sa yaro ya zauna a sitiyari. Ya kunna ƙananan fitilu, ka taɓa ƙafafun ɗaya bayan ɗaya har ka sami wadda ta kama. Ya ba da siginar hagu, ka nemi mai ƙyaftawa. Haka dama, haka birki. Idan kowace ta amsa, motar gaba ta fita daga zargi, laifin yana cikin igiyar wayar ko a abin da ake ja. Idan babu wadda ta amsa, cire bakin fitilar daga ƙafar negetif ka maƙala shi a ƙarfen shasi mai tsabta ka sake zagayowa. In yanzu suna kamawa, wayar negetif ta soket ce ta tsinke ko ta yi tsatsa. In har yanzu shiru, koma kan fiyus. Motocin da suka zo da soket ɗin jan tirela daga kamfani sukan ware wa fitilun tirela fiyus nasu daban a akwatin da ke ƙarƙashin bonet, don haka fitilun motar na iya aiki sarai alhali na tirela ya ƙone.

Ɓangaren baya kuwa, da batir ake gwada shi shi kaɗai. Haɗa negetif ɗin batir da ƙafar negetif ta filogi, ka jawo waya daga fozitif wadda ka sa wa fiyus na amfiya 10 a tsakiya, ka riƙa taɓa sauran ƙafafun kana duba wace fitila ta kama. Wadda ta ƙi, layinta za ka bi, ka bar sauran.

Mita ta nuna mini bolt 12 a soket, amma da na sa filogi fitilar ba ta kama ba. Mitar ce ta lalace?

Mitar lafiyarta ƙalau, tambayar da ka yi mata ce ba ta isa ba. Mita ba ta jan wuta kusan ko kaɗan, saboda haka ko sili ɗaya ne ya rage a wayar da ta cinye, za ta nuna maka bolt 12 cif. Ƙwan birki mai wat 21 kuwa yana neman amfiya 1.75, kuma ta wannan silin ba za ta wuce ba. Shi ya sa tsohuwar fitilar gwaji mai ƙwai na gaske ta fi amfani a wannan aikin, musamman in ka haɗa ta da kanka da ƙwai mai wat 21: idan ta kama jajir maimakon fari tas, akwai wurin da wuta ke shaƙewa. In mita za ka yi amfani da ita, to ka auna fitilun suna kunne, filogi na ciki. Batir mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6, injin na aiki kuma wajen 14. Idan a wurin ƙwan baya ka sami 9 ko 10, sauran sun zube a hanya, a wani haɗi mai tsatsa ko waya siririya.

Abu ɗaya: a motocin zamani masu kwamfuta, kada a riƙa soka fitila mai ƙwai a kowace wayar da aka gani a cikin mota. A soket ɗin ja babu laifi.

Idan na taka birki sai danja ta dushe. In na ba da siginar hagu kuma, har ta dama da fitilar lamba suna ƙyaftawa a hankali. Mene ne wannan?

Negetif ne. Da za a ce in zaɓi laifi ɗaya da ya fi kowane yawa a wannan sana'ar, shi zan zaɓa, kuma shi ne wanda aka fi ɓata kuɗi a kansa ana sauya ƙwai da rile da ba su yi komai ba.

Wuta ba ta tsayawa a ƙwai. Tana shiga ta waya ɗaya, ta ratsa zaren ƙwan, sannan dole ta sami hanyar komawa batir, ko ta farar wayar negetif ko ta ƙarfen jikin mota. Idan hanyar komawar ta toshe, wutar ba ta haƙura. Kamar ruwan saman Agusta ne in kwata ta cushe, gidan maƙwabci zai faɗa. Ƙwan baya na yau da kullum zare biyu gare shi a kwalba ɗaya, mai wat 21 na birki da mai wat 5 na danja, kuma gindi ɗaya suke tarayya a kai. In gindin nan bai taɓa ƙarfe da kyau ba, wutar birki sai ta juya ta bi ta zaren danja a baibai, ta shiga layin ƙananan fitilu, ta je ta nemi mafita ta ƙwan ɗaya gefen. Shi ya sa kake ganin fitilun da ba ka kunna ba suna ɗan haske, waɗanda ka kunna kuma suna dushewa.

Akwai alama mai ruɗi da ya kamata a sani. Da rana ka gwada birki da sigina, komai ya yi kamar daidai. Magariba ta yi, ka kunna ƙananan fitilu, sai birki ya daina nunawa gaba ɗaya. Dalili shi ne da rana wutar tana satar hanya ta layin danja da ke kashe. Da ka kunna shi, ya cika da tasa wutar, ɓarauniyar hanyar ta rufe. Saboda haka duk gwajin da aka yi ba a kunna danja ba rabin gwaji ne.

Tabbatarwa ba ta da wuya. Sami doguwar waya, ko ma wayar jona batir, ka maƙala baki ɗaya a shasin motar gaba, ɗayan a ƙarfen gidan ƙwan da ke shirme. Idan nan take fitilun suka natsu, ka kama ɓarawon. Sai ka bi wuraren da aka ɗaure negetif guda uku: bayan soket a motar gaba, kan sandar tirela inda farar waya ta sauka, da bayan kowace fitila. Kwance notin, goge fenti da tsatsa da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, ɗaure da washa mai haƙora, sannan ka shafa giris a kai don ruwa. Tirelolin da ake ƙerawa a wajen masu walda na gida nan suka fi samun matsala, domin ana gama feshin fenti mai kauri sannan a ɗaura fitilu a kansa, fenti kuwa ba ya ba wuta hanya.

Ai ƙugiyar ja ƙarfe ce a kan ƙarfe. Ba ta isa ta zama negetif ba?

Ba ta isa ba. Tsakanin ƙarfen biyu akwai giris, akwai ƙura, akwai tsatsa, kuma suna motsi. A tsaye za ta iya ba ka haske, a kan gargada fitilun su riƙa ɗaukewa suna dawowa. A ja farar waya mai kauri daga soket zuwa soket, kaurinta kada ya gaza na sauran, don ita kaɗai ke kwaso wutar dukkansu. A tirela mai juye kaya ko mai ƙofar baya da fitila a jikinta, a kai wa kowace fitila negetif ɗinta da waya, kada a dogara da hinji.

Wace waya ce ta me? Launi ya isa in bi?

Launi zai nuna maka inda za ka fara zato, fitilar gwaji ce za ta yanke hukunci. Duk da haka ga yadda ƙa'idojin suke.

Soket zagayayye mai ƙafa 7 na motocin Turai, wanda ƙa'idarsa ita ce ISO 1724, an buga lamba a gindin kowace ƙafa. Ta 1 ruwan ɗorawa, siginar hagu. Ta 2 shuɗiya, fitilar hazo. Ta 3 fara, negetif. Ta 4 koriya, siginar dama. Ta 5 ruwan ƙasa, danjar dama. Ta 6 ja, birki. Ta 7 baƙa, danjar hagu. Lura cewa danja layi biyu ce a wannan tsarin, don haka gefe ɗaya na iya mutuwa ɗayan na aiki, kuma kowanne da fiyus ɗinsa a motoci da dama. Sabon mai ƙafa 13 bakwai ɗin farko duk haka suke, ya ƙara ta 8 don fitilar ribas, ta 9 don wutar batir kai tsaye.

Na Amurka mai faɗi, ƙafa 4 ne kawai: fara negetif, ruwan ƙasa danja, ruwan ɗorawa siginar hagu haɗe da birki, koriya siginar dama haɗe da birki. Shi kuma babban mai ƙafa 7 na Amurka, launi iri biyu ake bi a kansa. A tsarin motoci masu ɗaki koriya ce danja, ja siginar hagu, ruwan ƙasa siginar dama, wanda ya saɓa wa na ƙafa 4 ɗin nan. Mutum ya haɗa koriya da koriya yana ganin ya yi daidai, sai ya ga danja na ƙyaftawa.

Ga kuma tarkon da ke kama har ƙwararru: in ka kalli soket ta fuska, da in ka kalle shi ta baya inda ake ɗaure waya, hagu da dama sun juya. Bi lambar da aka buga a jikin robar, kada ka bi zanen da ka haddace. Tirelar da ta wuce ta hannun masu gyara uku ko huɗu kuwa, manta da launi kwata-kwata. Da wayar da aka samu a ranar aka yi aiki.

Sigina na aiki, danja na aiki, birki ne kawai ba ya nunawa. Ko kuma in na taka birki sigina ta daina ƙyaftawa.

Kafin komai, tsaya a bayan motocin biyu ka ƙirga ƙwai. Motocin Turai da yawancin na Japan suna da ƙwan sigina daban, ruwan lemo, da ƙwan birki daban, ja. Waya uku ke nan: hagu, dama, birki. Motocin Amurka da yawa, musamman na ɗaukar kaya irin su Ford da Chevrolet, zare ɗaya ne ke yin birki da sigina a kowane gefe. Waya biyu ke nan. Launin gilashi kaɗai bai isa shaida ba, don akwai masu jar sigina amma ƙwanta daban. Sa a taka birki a ba da sigina lokaci guda ka ga ko ƙwai ɗaya ne ke yin aikin biyu.

Idan motar gaba tana da waya uku, abin da ake ja kuma biyu, wayar birki ba ta da wurin zuwa, shi ya sa ba ya nunawa. Abin da wasu ke yi shi ne su murɗa wayar birki a kan ta siginar hagu da ta dama. Birki zai kama, amma yanzu an haɗe hagu da dama ta cikin wayar birkin: ka ba da hagu, duk biyun su ƙyafta, har a motar gaba, wani lokaci har fiyus ya tafi. Maganin shi ne ƙaramin akwatin haɗi da ake kira kwanbata, waya uku su shiga, biyu su fita. Shi ma yana da tasa farar waya, kuma in ba ta sami ƙarfe mai kyau ba zai yi ta shirme ka ɗauka ya ƙone.

Idan kuma akasin haka ne, motar gaba biyu, abin da ake ja uku, hanya mafi sauƙi ita ce a kai wayar hagu ƙwan birkin hagu, ta dama ƙwan birkin dama, bayan an raba su, a bar masu ruwan lemo su huta. Jan ƙwan zai yi birki ya yi sigina, kamar yadda yake yi a motar gaba.

Mota ce nake ja, ba tirela ba. Zan iya jona wayar kai tsaye a fitilunta na baya?

Kai tsaye, a'a. Wutar da ka turo daga gaba ba a ƙwai kaɗai za ta tsaya ba, za ta bi wayar motar ta koma ciki, zuwa makunnin sigina, ko kuma kwamfutar da ke sarrafa fitilu in motar ta zamani ce. Haka in wani ya taka birkin motar baya, tata wutar za ta biyo igiya ta shiga motar gaba. Don hana wannan ake sa dayod, wanda ke barin wuta ta wuce ta fuska ɗaya kawai. Na aikin ja yana da ƙofar shiga biyu da ta fita ɗaya: wayar motar ta asali ta shiga ɗaya, wadda ta zo daga gaba ta shiga ɗayar, ta fitar ta nufi ƙwai. In aka juya shi fitilar ba za ta kama ba sam. Kowane dayod yana cin kusan bolt 0.7, saboda haka in da ma wutar da ke isowa ta yi rauni, haske zai ƙara dushewa. Kuma kada a ciro ƙaramin dayod na amfiya 1 daga tsohuwar rediyo a saka. Ƙwan birki ɗaya ya fi ƙarfinsa.

Ni dai in ba kullum ake jan motar nan ba, ban ga dalilin taɓa wayarta ba. A sami katako mai tsawon faɗin mota, a ɗaura masa fitilu biyu da tef mai ƙyalli, a ja masa igiyarsa har soket ɗin gaba, a ɗaure shi a bayan duk motar da za a ja. Akwai kuma fitilu masu maganaɗisu a gindi da ake ɗorawa a kan but. Kowane mai janwe ya kamata a ce yana da ɗayan biyun nan.

Da na sa filogi fiyus ke ƙonewa.

Ko dai waya ta fashe tana taɓa ƙarfe, ko kaya sun yi wa layin yawa. In nan take yake tafiya, taɓawa ce. Duba inda waya ta ratsa ramin ƙarfe ba roba, inda aka matse ta da noti, da cikin filogin kansa, inda sili ɗaya kan tsere daga ƙafarsa ya taɓa ta kusa. Ƙwai mai zare ɗaya da aka tura da ƙarfi cikin gidan mai zare biyu shi ma yana haɗe layi biyu. Wata dabara: cire fiyus ɗin ka jona ƙwai mai wat 21 a gurbinsa. Muddin taɓawar na nan zai haska sosai. Ka riƙa girgiza waya kana cire fitilu ɗaya ɗaya, inda haskensa ya faɗi nan ne wurin.

In kuma sai an yi 'yar tafiya yake ƙonewa, yi lissafi. Ƙwan birki biyu wat 42 ne, amfiya 3.5. Ka ƙara na tirela, sun zama 7. Masu son ado da ke jera ƙananan ƙwai goma masu wat 5 a gefen bodi sun ɗora wa layin danja ƙarin sama da amfiya 4. A nan rile ake sawa, ko kwanbata mai jan wutarsa daga batir da fiyus ɗinsa, layin motar ya zama umarni kawai yake bayarwa.

Jan fiyus amfiya 10 ne, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20. Wanda aka cire, irinsa za a mayar. Naɗa silin waya ko takardar sigari a gurbinsa, wanda kowa ya san ana yi a bakin hanya, yana nufin in taɓawar ta dawo wayar ce za ta yi zafi har robarta ta narke a bayan dashbod.

Sigina ta koma ƙyaftawa da sauri tun da na sa fitilun LED. Wani lokaci ma motar ta rubuta cewa ƙwai ya mutu.

LED ba ta jan wuta sosai, sai na'urar sigina ta ɗauka ƙwai ne ya ƙone, ta yi saurin nan don ta sanar da kai. A tsohuwar mota a sauya rilen sigina da wanda aka yi don LED. A ta zamani, inda kwamfuta ke aikin, ana jona razisto a layin, galibi mai om 6 da wat 50. Yana zafi ƙwarai, don haka a jikin ƙarfe ake ɗaure shi, nesa da roba. Wasu motocin kuma in suka ji nauyin da ba su saba ba, datse layin suke yi gaba ɗaya har sai an kashe mota an tayar. Irin waɗannan kwanbata mai wutar kansa ne kawai ya dace da su.

Mun sauya kan tirela, muka ɗauki bodin wani. Ƙwai duk sun ƙone lokaci guda.

Bambancin bolt ne. Kawunan Turai irin su DAF, MAN da Iveco, da na Sin irin su Howo, bolt 24 suke aiki da shi. Na Amurka irin su Mack bolt 12. Abin da ke jawo ɓarnar shi ne soket ɗin Amurka, SAE J560, da na Turai, ISO 1185, ƙirarsu ɗaya, filogin wannan na shiga na wancan, har ƙafafun sigina da birki sun dace. Bodi mai ƙwan 12 a bayan kai mai 24, sai ƙwai su yi fari fat su mutu. Mai ƙwan 24 a bayan kai mai 12 kuwa ba zai ƙone ba, zai yi ta ɗan ja-ja ne wanda na bayanka ba zai gani ba sai ya matso, kuma wannan ya fi haɗari don direba na ganin ai suna kamawa. A gindin kowane ƙwai an rubuta bolt ɗinsa. Mai bodin da ke yawo tsakanin kawuna daban-daban ya nemi fitilun LED da aka rubuta wa 10 zuwa 30, su ba ruwansu da wane kai ne.

A duba naɗaɗɗiyar igiyar da ke bayan kai ma. Tana gogar ƙarfe a kowace kwana, kuma takan tsinke daga ciki robar waje na nan lafiya.

A gareji komai na aiki. Kafin in kai Tashar Yari sun ɗauke.

Abin da girgiza ke kashewa sako-sako ne. A bar fitilu kunne, wani ya tsaya a baya, kai kuma ka kama filogi ka jijjiga, ka bi igiyar kana lanƙwasa ta taƙi-taƙi. Ƙafafun filogin Turai a tsage suke, kuma da daɗewa sukan matse. Tura bakin wuƙa a tsagar ka ɗan buɗa kaɗan, kada ka wuce gona da iri su karye. Duba tsawon igiya kuma: in ta yi gajarta za ta fizge a kwana mai tsanani, in ta yi tsawo za ta ja ƙasa kwalta ta cinye ta.

Lokacin shekara ma na da nasa. Da damina ruwa ke kwanciya a soket da gidan fitila, tagulla ta yi kore. Da hunturu ƙura ke cika ramukan ta haɗu da giris ta zama laka. A wanke da man feshin wanke haɗin lantarki, a goge da ƙaramin buroshi, a tabbata murfin soket na rufuwa. Haɗin da aka yi da murɗa waya da baƙin tef ba ya kai damina biyu a ƙarƙashin mota; a yi masa dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi.

Motata ta mutu a hanya, ɗan'uwa zai ja ni da igiya zuwa Tudun Wada. Babu soket, babu komai. Yaya za mu yi?

A nan kai ne wayarin. Fitilar birkin yawancin motoci tana aiki ko an kashe inji, muddin batir na da rai, to ka riƙa taɓa birkin da wuri don na baya ya gani. Murɗa makulli yadda sitiyari ba zai kulle ba kuma sigina za ta yi aiki. Mutane kan kunna siginar gefe biyu su bar ta har a isa, amma a motoci da yawa in tana kunne ba za ka iya nuna hagu ko dama ba. Kashe ta kafin kwana ka ba da siginar da ta dace. Ka tuna in inji ba ya aiki birki na yin tauri bayan taku biyu ko uku, sitiyari ma haka. Mai giyar otomatik kuwa, a duba littafinta kafin a ja ta da ƙafafunta a ƙasa, don famfon man giyar ba ya juyawa in inji na kashe.

In batirin ne ya mutu ɗungurungum kuma dare ya yi, kada a hau babban titi a haka. Jami'an kiyaye haɗurra su tare ka shi ne ƙaramin abin da zai iya faruwa. A tura ta gefe, a sa alama, a jira safiya ko a kira janwe mai fitilunsa.

Bayan doguwar tafiya sai na tarar batirin motar da aka ja ya sauka.

Makullin da aka bari a murɗe ne ya sha shi, tare da rediyo da fankar da aka manta. Masu jan mota a kai a kai sukan ja wayar caji daga motar gaba ta wata ƙafar soket da ba a amfani da ita, da fiyus a kowane ƙarshe kusa da batir, domin batir biyu ne ke iya tura wuta in wayar ta fashe a tsakiya. In fitilun baya ne ke ci gaba da haske bayan an cire filogi, wataƙila makunnin birki ne ya maƙale.

Ni kaɗai ne, babu mai taka mini birki. Yaya zan duba kafin in tashi?

Kunna ƙananan fitilu ka bar su. Kunna siginar gefe biyu ka zagaya: a tsarin Amurka wannan ya gwada maka har zaren birki, tunda shi ne na sigina, amma a na Turai bai taɓa layin birki ba. Don haka sami sanda ka tokare fedar birki da kujera, ka sake zagayawa. Daga nan ka gwada hagu ita kaɗai, dama ita kaɗai, don siginar gefe biyu ba za ta nuna maka ko an juya wayoyin ba. In da dare ne, ja da baya kusa da bango ka duba hasken ta madubi. Bayan ka yi tafiyar kilomita kaɗan, misali ka fito daga gari ka kai Dan Magaji ko Shika, tsaya ka sake leƙa filogin ka taɓa shi da hannu. In ya yi ɗumi, akwai ƙafar da ba ta kama da kyau ba, a gyara ta kafin a ci gaba.